Ban Noƙe Ba, Ƙi Na Yi

Zuwa ga Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar? Direban da ke kawo mana kaya ya ce ya gan ka a bakin titi kana faɗa da mai aski kan allon shagonsa da aka rubuta ba daidai ba. Na ce to alhamdu lillahi, Kawu ya warke. A gaishe mini da Inna. Mu ma lafiya lau, 'yan biyu sun shiga aji huɗu, maigidan kuma har yanzu yana neman aiki tun da aka rufe maɗaba'arsu.

Na san kunnenka ba ya jin waya, shi ya sa na ɗauki biro. Na kuma san wannan takardar za ta dawo mini da jan tawada kamar an yanka kaza a kanta, tunda ba a banza duk dangi ke kiranka Jan Biro ba. Na yarda, ka gyara. Tun rasuwar mahaifiyata, 'yar baffanka, ba ni da wani babba da zan kai wa magana irin wannan sai kai.

Ka san kamfaninmu bel muke ɗinkawa, irin wanda masu aikin saman gini da masu hawa turakun lantarki ke ɗaurawa don kada su faɗo. Shekara bakwai na yi a kan keken ɗinki. Bara aka ɗaga ni aka ba ni hatimi mai lamba tara, a matsayin gwaji na shekara guda. Kowane bel sai ya bi ta teburina, in duba ɗinkin, in ja, in murɗa, sannan in buga masa hatimi. In babu hatimi ba ya fita ƙofa.

To watan jiya zarenmu ya ƙare, ga oda ta bel ɗari huɗu tana jira. Manajanmu, wanda muke kira Yanzu-yanzu don ba shi da wata kalma sai ita, ya je ya sayo wani zaren. Launi ɗaya, kauri ɗaya. Amma Kawu, ni da na yi shekara bakwai zare na bin yatsuna, ina kankara shi da farce na ga yana tashi kamar gashin tsohuwar tsintsiya. Da aka ɗinke bel ɗin da shi, na ce a saka biyar a injin ja a gwada. Ya ce injin yana jiran mai gyara. Na ce to hatimina ma yana jiran injin. Ga su can jibge a lungun sito.

Ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Wai in na gaji in ɗauki hutun rashin lafiya na kwana uku, tunda doka ta ce in mai hatimi na kwance shugaban sashe ya buga nasa. Na ce masa lafiyata ƙalau.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Alhamis ta ƙarshen watan gobe mutum uku za su zo daga babban ofis su zauna a kaina, ko a tabbatar mini da hatimin ko a karɓe. Washegari kuma motar masu saye za ta zo ɗaukar bel. An ba ni takardar rahoton shekara in sa hannu, kuma a ƙasa Yanzu-yanzu ya rubuta: "She shies away from responsibility."

Turancina na aji uku ne, ka sani, kai ka koya mini shi a barandarka, iska na fita ta giɓin nan naka na faɗuwar keke. Na san "shy" kunya ce. To kunyar me na ji? Na tambayi magatakarda ya yi murmushi ya ce ba wani abu ba ne. Murmushin ne bai kwanta mini ba. Ka faɗa mini ainihin abin da mutumin nan ya ce da ni kafin in sa hannuna a ƙarƙashinsa.

'Yarka,
Barkono

*

Zuwa ga Barkono,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki ranar Asabar. Ƙafa da sauƙi, sai dai hawa matakala. Innarki tana amsawa, ta ce a shafa mata kan 'yan biyu. Maganar mai aski kuwa, ni na yi gaskiya, kuma ya sake fentin. Ga wasiƙarki nan na haɗo miki, kuskure bakwai, uku daga ciki na rashin aya ne. Ki duba.

Yanzu darasi. Ki zauna sosai.

Kalmomin uku ne, "shy away from", kuma tare suke tafiya, ba a raba su. In kin cire ɗaya kin ɓata miya. Kunya ba ta cikin wannan magana. Kin taɓa ganin jaki yana tafiya da kaya, iska ta kaɗo leda gabansa? Ba ya tsayawa ya yi gardama da ledar. Sai ya karkace, ya bi gefe, ya wuce kamar bai gani ba. To wannan karkacewar ita ce asalin kalmar. Da Hausa sai mu ce noƙewa, ko kaucewa abu don tsoro ko don rashin yarda da kai.

Bayan "from" sai a kawo abin da ake gudu. "He shies away from hard work", wato da ya hango aiki mai wuya sai ya sulale. In abin ya wuce sai a ce "shied". An fi jin daɗinta in an kore ta: "She never shies away from a fight", wato ba ta taɓa noƙe wa faɗa, kuma ko ban faɗa ba kin san wa na tuna da nake rubuta wannan. Ba ɗaya take da "refuse" ba. Mai "refuse" yana tsayawa ido da ido ya ce a'a, kowa ya ji. Mai "shy away" ba ya cewa i, ba ya cewa a'a, nemansa kawai za a yi a rasa.

Saboda haka manajanki cewa ya yi kina tsoron ɗaukar nauyi, in an zo wurin yanke hukunci sai ki zame. Ba zagi ba ne da za a kai ƙara, amma a takardar ma'aikaci tabo ne, kuma ba ya fita da wanki.

Darasi ya ƙare, saura shawara, wadda ba ki nema ba amma ni babba ne. Barkono, na yi shekara talatin da biyar ina aiki a ƙarƙashin mutane. Na ga masu taurin kai da yawa, na kuma ga inda suka ƙare. Mijinki ba ya aiki. Yaran nan biyu ke ce gatansu. Mutumin nan ya buɗe miki ƙofa da kansa, ki bi ta ciki. Ki ɗauki hutun kwana ukun. Ciwon kai ba ya ƙarewa a duniya, kuma babu likitan da zai tsaga kanki ya duba. Shugaban sashe ya buga nasa, lambarki ba ta kan kayan, hannunki tas. In kin yi haka shi da kansa zai goge layin nan, ki dawo ki tarar da hatiminki a kan tebur.

Ban ce ki buga abin da ba ki yarda da shi ba. Cewa na yi kada ki kasance a wurin ranar. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kai da Inna. Mu lafiya, sai ƙaramar 'yan biyu da ta yi mura ta warke.

Ashe matsoraciya ya kira ni! Ni! Kawu, da na gama karanta bayaninka sai da na tashi na zagaya ɗakin sau uku, maigidan yana tambayata wa ya mutu. Wato mutum ya sayo ruɓaɓɓen zare, ya ƙi a gwada, ya ce in yi ciwon ƙarya, sannan ya zauna a kujera mai juyawa ya rubuta cewa ni ce mai tsoron nauyi. Kai, wannan ƙarfin hali da yawa yake.

Darasin na gode, ya shiga sarai. Ya shiga fiye da yadda ka so ma. Don ina gama shafin farko na juya na biyu, sai na ga malamin da ya gama bayyana mini jaki da leda yana ce mini in zama jakin. Ka sake karanta wasiƙarka, Kawu. Ba ya cewa i, ba ya cewa a'a, nemansa za a yi a rasa. Ba kai ka rubuta ba? To mene ne hutun kwana ukun in ba wannan ba? Yanzu abin da ya rubuta ƙarya ne. Ranar da na kwanta na ɗaure kai da ɗankwali ina nishin ƙarya, ranar ya zama gaskiya.

Bari in faɗa maka abin da nake gani kullum. Daga tagar teburina ana hango wani dogon gini da ake yi wa fenti a tsallaken titi. Akwai wani mutum da ke lilo a hawa na shida, da bokiti a gefe, yana waƙarsa. Bel ɗinsa ruwan lemo ne, irin namu. Ban san sunansa ba, ban san ko namu ne a jikinsa ba. Amma na san bai taɓa kankara zaren da farce ba. Lamba ya gani a jiki ya ɗaura ya hau. In ya faɗo, ƙasa ba za ta tambaye shi lambar wa ke jikin bel ɗin ba, tawa ko ta shugaban sashe. Hannuna tas, ka ce. Wallahi ba zai yi tas ba.

Kada ka ɗauka ba na jin tsoro. Ina ji. Abinci ba ya shiga sosai. Matan da muke ɗinki tare sun daina zama kusa da ni lokacin hutu, ɗaya ce kawai ke zuwa, ita ma sai ta waiga. Maigidan bai ce in bari ba, bai ce in ci gaba ba, gyaran rediyon da ba ta lalace ba kawai yake ta yi. Amma jin tsoro daban, noƙewa daban, ko ba haka darasin ya ce ba?

A ƙasan takardar rahoton akwai fili da aka bar wa ma'aikaci ya rubuta amsarsa. Magatakarda ya ce ba a taɓa cike shi ba tun da aka kafa kamfanin. To za a fara a kaina. Ga abin da na tsara da ɗan Turancina a takarda daban. Ka duba mini shi, kada in je gaban manya su yi dariyar rubutun su manta da maganar. Kuma ka faɗa mini gaskiya, kana bayana ko ba ka bayana? Saura sati biyar.

Barkono

*

Kawu,

Ina gaisuwa, tunda an koya mini gaisuwa. Na san kana lafiya, don direba ya ce ya same ka zaune a baranda kana shan shayi.

Sati uku ina jira. Kullum motar nan ta shigo sai na bar teburina na fita kamar mai jiran haihuwa. Jiya ya miƙo mini ambulan, na buɗe. Me na gani? Takardata. Ita kaɗai, ja-jawur daga sama har ƙasa. Na zazzage ambulan, na leƙa ciki, na tambayi direba ko wani abu ya faɗi a mota. Babu ko layi ɗaya. Ko "Allah ya taimaka" babu.

Ban ma karanta gyaran ba. Na cusa ta a aljihun tebur na rufe, don in na ci gaba da kallonta zan yaga.

Tambaya ɗaya na yi maka, Kawu. Kana bayana ko ba ka bayana? Da ka ce ba ka bayana, wallahi da na ji zafi na kwana biyu na haƙura, don na san inda ka tsaya. Amma ka ɗauki biro ka ɓuya a bayansa. Haka ka yi wa ɗanka da ya rubuto yana son barin karatun likita, haka ka yi wa mahaifiyata da ta rubuto maka maganar rabon gida. Kowa ya kawo maka zuciyarsa sai ka mayar masa da aya da waƙafi. Muna dariya muna cewa halin Jan Biro ne. Yau ban ga abin dariya ba.

Kakan ce ɗalibi bai iya kalma ba sai ya sa ta a jimla tasa. Ga tawa: "My uncle shies away from my question." Ka duba ko na sa "from" a inda ya dace.

In na yi rashin kunya ka yafe, amma ba zan janye ba. Saura kwana goma sha uku. Zan shiga ɗakin nan ko da kai ko babu kai.

Barkono

*

Barkono,

Lafiyarmu ƙalau. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau.

Jimlarki daidai take. Babu abin gyara a cikinta, ta kowace fuska.

Sati ukun nan na rubuta miki wasiƙa huɗu na yaga. Ta biyar ce wannan, kuma na ba Innarki ambulan ɗin ta riƙe don kada in sake yagawa, duk da ba ta san abin da ke ciki ba.

Kin san giɓina. Kun taso kuna jin cewa daga keke na faɗo. Ban taɓa faɗowa daga keke ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. A makarantar da nake koyarwa takardar jarrabawar lissafi ta fita kafin ranarta. Aka ɗora laifin a kan malamin lissafi, wani siririn mutum mai tari, wanda teburinsa ke jikin nawa. Ni kuwa na ga hedimasta da idona yana miƙa wa ɗan wani babba takardar a bayan ɗakin ajiya. Na faɗa wa malamin lissafi. Ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Za ka faɗa a gaban kwamitin bincike?" Na ce zan faɗa. Har na rantse.

Ranar Litinin ƙarfe goma za a zauna. A lokacin ana maganar ba ni mataimakin hedimasta, Innarki kuma tana da tsohon ciki. Na fito da safe da niyyar makaranta, sai na ga ƙafata ta kai ni asibitin haƙori. Na nuna wa likita wani haƙori na ce shi ya hana ni barci. Ya ƙwanƙwasa, ya haska, ya ce, "Malam, wannan lafiyarsa ƙalau." Na ce ni ke jin ciwon ko kai? Ya cire. Da ƙyar ya fita, don lafiyayye ne.

Na isa makaranta ƙarfe ɗaya da auduga a baki da takardar likita a hannu. A bakin ƙofa na haɗu da shi, ya rungumo littattafansa a kwali. Ya dubi kumatuna ya ce, "Sannu Malam, Allah ya sauwaƙe." Ya wuce. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ban sake ganinsa ba, daga baya na ji ya rasu.

Ban yi masa ƙarya a gaban kwamiti ba. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Aka neme ni aka rasa. Na sami muƙamin, hannuna tas, kamar yadda na ce miki naki zai yi. Shekara talatin da ɗaya harshena yana zuwa giɓin nan sau ɗari a rana. Da na zauna rubuta miki misalin jaki, na san ba jaki nake gani ba. Duk da haka na juya shafi na ba ki shawarar da na ba kaina. Na ji kunya, Barkono, kunyar ce ta hana ni haɗo wasiƙa.

Amma kin yi mini rashin adalci a abu ɗaya. Ki buɗe aljihun teburin nan ki karanta gyaran. Kin ba su haƙuri sau uku a layi takwas, na soke duka ukun, don ba ki yi laifin da za ki nemi gafara ba. Inda kika ce ba ki samu damar bugawa ba, na soke na rubuta "I refused". Inda kika ce wataƙila zaren ba shi da kyau, na cire wataƙilar. Amsar tambayarki tana cikin jan nan tun sati biyu da suka wuce. Ban iya faɗinta ta wata hanya ba, wannan kuma laifina ne. To yau ga ta da baƙin biro: ina bayanki.

Ba zan ce miki za ki ci nasara ba. Mai yiwuwa su karɓe hatimin. Ki je da sanin haka.

Za ki ji wani abu mai tauri a ambulan. Jan biron ne. Kada ki sa hannu a ƙarƙashin jimlar da ba daidai ba. Ki gyara ta tukuna.

Kawunki

*

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi, Inna kuma tana lafiya. Mu lafiya lau. Na yi jinkirin rubutu don ina so in ga ƙarshen abin tukuna.

Wasiƙarka ta same ni saura kwana biyu. Na karanta a tsaye a bayan sito, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na ciro takardar nan na karanta gyaran, na ji kamar in mari kaina. Ka yafe mini rabin abin da na faɗa. Ɗaya rabin yana nan.

Ranar Alhamis na shiga. Dogon tebur, mutum uku, ta tsakiya wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Yanzu-yanzu yana gefe yana kaɗa ƙafa. Aka turo mini takardar aka ce in sa hannu a fara. Na ciro bironka. Na ja layi ɗaya a kan kalmominsa, miƙaƙƙe kamar yadda kake yi, na rubuta a sama cewa na ƙi buga hatimi a kan abin da ba a gwada ba.

Ya miƙe tsaye. "Wa ya ba ki izinin taɓa rubutuna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure na gani. Wanda ya noƙe nemansa ake a rasa. Ni kuwa wata biyu kullum ina kan teburina, kuma a gabanka na ce a'a. Ka rubuta na ƙi, ka kore ni a kan haka in ka ga dama. Amma ba zan sa hannu a kan cewa na ji tsoro ba."

Dattijuwar ta ce in karanta amsata, na karanta yadda ka gyara. Sannan na ɗora bel biyu a gabanta, tsoho da sabo, na ce ta kankara da farcenta. Ta kankara. Sai ta sa ƙaramin sa hannunta a gefen jan rubutun, ta ce in jira a waje.

Sun karɓe hatimin. Wai ban iya zama da na gaba da ni ba. Magatakarda ya zo da ɗan akwati, na saka lamba tara a ciki da hannuna, ya rufe. An mayar da ni kan keke, layi na uku, kusa da ƙofar da iska ke shigowa. Ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara bakwai na yi kafin in kai teburin nan. Yanzu-yanzu kuwa yana nan a kujerarsa mai juyawa.

Amma washegari motar masu saye ta zo ta koma wayam. Aka kwashi bel biyar don gwaji aka tafi da su babban ofis. Bayan kwana takwas aka sauke katan-katan na tsohon zarenmu, aka ce a farke ɗari huɗun nan duka a sake ɗinkewa. Babu wanda ya ce mini kin yi gaskiya. Ko kallona ba su yi ba. Shugaban sashe ya zo ya jibge mini guda sittin a gefen keke ya ce, "Yi sauri." Na ce ba zan yi sauri ba, zan yi daidai.

Yau na gama na goma sha tara. Daga nan ba a hango mai fenti, amma da na fita cin abinci na gan shi, ya sauko hawa na huɗu, yana ta waƙarsa. Matan layinmu sun dawo zama kusa da ni. Maigidan ya bar rediyo ta huta, jiya shi ya dafa mana abinci, gishiri ya yi yawa muka cinye.

Takardar tana cikin fayil ɗina da jan rubutun a jiki. Duk wanda ya buɗe shi nan da shekara ashirin zai gani. Bironka zan ba direba in ya zo.

'Yarka,
Barkono

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta wa Innarki wasiƙarki da ƙarfi, ta sa na maimaita wurin da kika ce ba za ki yi sauri ba.

Daga nan na faɗa mata maganar haƙorin. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta ta ce, "Na sani. Mutum ya faɗo daga keke har haƙori ya fita, keken ko ƙwarzane babu?" Shekara talatin da ɗaya matar nan tana kallona tana shiru.

Na yi baƙin cikin hatimin, sosai. Amma ke kin fito da haƙoranki cif.

Kada ki ba direba biron, na bar miki. Wasiƙarki kuma ba za ta dawo ba. Na ga kuskure huɗu a ciki, na bar su yadda suke, na ninke ta na sa a aljihun gaban rigata.

Kawunki